Tukunyar da Ba Ta Taɓa Kifi Ba

Mu shida ne a ranar, a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, bayan sallar azahar. Akwai Baffa Ɗanjuma, ƙanin marigayi kakanku, wanda riƙon gidan ya koma hannunsa. Akwai Goggonku Larai, da ta zo daga Wara da goyonta. Akwai Malam Buba, kawun innarku, da ya taso daga rugarsu ta wajen Shanga, ya zauna ya ɗora sandarsa a kan cinya. Akwai babanku, ɗana na fari, wanda ba zan kama sunansa ba ko da a takarda ne. Akwai innarku Shatu a can bakin tabarma, ta ja mayafi har ya rufe mata goshi. Sai ni. Ban iya rubutu ba, faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana. Kun taso kuna jin cewa ni na hana a saki innarku. Gaskiya ne. Abin da ba a gaya muku ba shi ne ni na sa aka kira taron tun farko, kuma don a sake ta na sa aka kira shi.

Shekararta biyar ke nan a gidan ba haihuwa. Sau ɗaya ciki ya shiga, wata biyu ya zube. A kasuwar Yelwa babanku ya gan ta tana sayar da nono, ranar da ya kai kifi, ya dawo ya ce shi ita yake so. Ban so ba, domin mu masunta ne tun kakanni, su kuma masu shanu, amma ban hana ba. Kuma yarinyar ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Kafin in tashi ta share gida, ta ɗebo ruwa, ta tsaya bakin murhun banda tana juya kifi har idanunta su yi ja. Ni kuwa mace ce mai ido. Na san yawan kifin da ke kan kowace wayar banda, na san wadda ta taɓa mini gishiri, na san ranar da kowace mace a gidan take fashin salla ba tare da ta faɗa ba. Saboda haka na san al'adar Shatu tana wasa, ta zo wata guda ta ɓace wata biyu. Na ga tana ramewa, wuyanta ya yi tsawo, zanen da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma zagaye ɗaya da rabi. Na ce a raina tsarin jikinsu ne, Fulani ba sa ƙiba. Ba irin saiwar da ban jiƙa mata ba, ba irin rubutun da ban karɓo mata ba. Da shekara ta biyar ta cika na gaji, na je na sami Baffa na ce ya kira mutanenta.

Saura sati biyu taron, ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Ba zan yi muku ƙarya in ce tausayi ya sa na kai ta asibiti ba. Gudun magana ne, kada danginta su ce mun karɓi yarinya lafiya mun mayar da ita a kwance. Muka hau mota zuwa Yelwa. Malamar asibitin wata gajeriyar mace ce mai tabarau, da ba ta kai Larai shekaru ba. Ta janyo fatar idon Shatu ƙasa, ta duba tafin hannunta da harshenta, ta sa aka ɗebi jininta. Da sakamako ya fito sai ta cire tabarau.

"Inna, wannan baiwar Allah da wane jini take tafiya? Me take ci a gida?"

Na ce, "Kifi. Gidanmu ba a kwana ba kifi. Giwan ruwa, tarwaɗa, karfasa, wanda ku nan kuke saye da tsada mu shi muke jefa wa miya."

"Ke nake tambaya, Shatu. Jiya da dare me kika ci?"

"Tuwo," in ji Shatu.

"Da me?"

Shatu ta yi shiru tana kallon yatsun ƙafarta. Malamar ta dube ni, ta dube ta, ba ta ƙara matsa mata ba. Sai ta juyo kaina. Ta ce jini ya yi ƙasa ƙwarai, jikin kuma ba shi da abin ajiya, kuma jikin mace idan ya ga da ƙyar yake riƙe kansa, yakan ƙi ɗaukar wani. Ta ba da ƙwayoyin ƙarin jini da maganin tsutsar ciki. Ta ce kullum a samu wake ko gyaɗa a abincinta, da ganye, zogale ko alayyahu ko rama, a yi shi da yawa ba a yayyafa ba. Hanta idan an samu, nono, ƙwai. Bayan ta ci ta sha lemo ko ta ci gwanda ko goba, kada ta bi abinci da shayi, yana hana jiki cin moriyar abin da aka ci. Ta tambayi Shatu ko tana cin farar ƙasa, Shatu ta gyaɗa kai, ta ce ta bari daga yau.

Na ce, "Ƙwai kuma? Mu a gidanmu macen da ke neman haihuwa ba ta cin ƙwai. Haka innata ta hana ni."

"Innarki ta ba ki kifi kuwa kin ci?"

"Na ci."

"To ke kin sami madadi. Inna, ban yi miki alkawarin jika ba, wannan na Allah ne. Amma gona ko ta waye sai an ba ta taki. Kuma ki turo mini mijin, shi ma a duba shi. Haihuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne."

Na fito raina a ɓace. Yarinya ƙarama ta zaunar da ni tana koya mini ciyar da gida, ni da na ciyar da mutum sama da goma da hannuna. Amma shirun nan da Shatu ta yi ya tsaya mini a wuya har muka iso gida.

A gidanmu ni ke rabon abinci. Maza tukuna, sannan yara, sannan mata. Suruka kuma ba ta ci a gaban uwar miji, ta ɗauki kwanonta ta shige ɗaki, wannan kowa ya sani, kuma ni ina yaba mata da hakan. Kwanon yakan fito a wanke tas. Washegari da rana na zuba mata tuwon dawa da miyar kuka, na zaɓi tsokar tarwaɗa mai kyau na ɗora a kai. Ta shiga ɗaki, ni kuma na zaga ta bayan zana inda tagarta take, na tsaya kamar mai shanya. Ina kallo ta sa yatsa biyu ta ɗauke kifin tana kau da kai, ta ajiye a murfin kwano a ƙasa. Kyanwar gidan tana nan zaune tana jira, kamar wadda aka yi wa alkawari. Sannan ta kwashe miyar kaf ta zuba a kan kifin, ta sa wuƙa ta fere saman tuwon inda miya ta taɓa. Ɗan abin da ya rage a tsakiya ta barbaɗa masa gishiri da yaji, ta yi loma huɗu ko biyar, ta sha ruwa. Kyanwar nan duk ƙauyen ba wadda ta kai ta ƙiba, gashinta har sheƙi yake yi. Shekara biyar ina yabonta ina cewa ta iya kama ɓera a ɗakin banda.

Kwana uku ina zagayawa, kwana uku abin bai sauya ba. A na huɗu na ɗaga labule na shiga. Ta zabura, kwanon ya kusa kifewa.

Na ce, "Zauna. Tun yaushe?"

"Inna..."

"Tun yaushe, nic ce."

"Tun da aka kawo ni. Wallahi na gwada, Inna. Ƙarnin ne. Da ya shiga bakina sai cikina ya juya. A gidanmu ba mu taɓa ci ba."

"Kuma bakinki ciwo yake da ba ki faɗa ba?"

"In ce miki me? In shigo gidan kifi in ce abincinku yana tayar mini da zuciya?"

Na tambaye ta ko mijinta ya sani. Ta ce ya sani, kuma yana ƙoƙari, duk ranar kasuwa yakan ɓoyo mata burodi da lemon kwalba a cikin riga. Da na tare babanku a bakin ruwa yana gyaran koma, na ce masa shi da ya sani me ya hana shi gaya mini, sai ya sunkuyar da kai, gemu da shi, ya ce tsoro yake ji kada in ce ta raina gidan. To ku ji. Ɗana na cikina ya gwammace matarsa ta rayu a kan burodi da ruwan zaƙi da ya fuskance ni da magana ɗaya. A ranar ban iya sayar da kifi ba, na rufe ɗakin banda na zauna.

Ban janye taron ba, domin an riga an aika, kuma ina so abin da zan faɗa kowa ya ji shi da kunnensa. Baffa ya buɗe da addu'a, ya yi magana mai tsawo a kan zumunci da haƙuri, ya ce ba a kama yarinya da laifin komai ba, amma shekara biyar ba kwana biyar ba ce, kuma gidan yayansa ba zai tsaya jiran mutum ɗaya ba. Ya ce a rabu da arziki. Larai ta ce ai ko kazar da aka sayo tare da kayan ɗakin Shatu ta ga jikokinta. Malam Buba yana ta murza sandarsa. Babanku kuwa hawaye ne a idonsa, amma bakin nan a rufe. Baffa ya juyo ya ce, to ga wadda ta sa aka taru, ta sa albarka.

Na ce, "Ban sa ba."

Na faɗi komai, tun daga asibiti har kyanwa. Larai ta fashe da dariya, na dube ta sau ɗaya ta haɗiye. Na ce yarinyar nan ba juya ba ce sai an tabbatar, yunwa ce muka jiƙa ta a ciki shekara biyar, kuma ludayin a hannuna yake. Na ce a ba ni shekara guda in ciyar da ita yadda aka ce, shi kuma mijin ya je a duba shi.

Nan Baffa ya miƙe tsaye.

"A duba wa? Ɗan gidanga? Ubanshi ɗiya tara ya bari! Ke yanzu a gaban baƙo za ki tsiraita ɗanki?"

Na ce, "Ubanshi bai sha taba kara ashirin a yini ba, bai kuma yi kalaci da goro da lemon gwangwani ba. Shi tafi a duba shi."

"Kuma tukunya biyu za a riƙa ɗorawa a gidan Sarkawa masunta saboda suruka? Mi za a ce da mu a bakin ruwa?"

"Abin da sunka ga dama. Icen nawa ne."

Ina tsammanin da Baffa zan yi ta fama. Ashe inda ban duba ba nan wutar take. Malam Buba ya ɗaga sandarsa daga cinya ya dogara ta a ƙasa. Mutum ne mai sanyin murya, sai ka matso kake jin sa.

"Hajiya, na zo ne in ɗauki yarinya an ce ba ta haihuwa, kuma da na ɗauke ta ba tare da na riƙe ku da komai ba. Yanzu kin ce yunwa ta sha. Shekarar farko uwarta tana aiko mata da nono da man shanu duk mako. Aka aiko mana cewa a daina, gidan nan ba a rasa abinci ba. Wa ya aiko?"

Na ce, "Ni ce."

"To. Ko saniya ba ma bari a hannun wanda ya bar ta da yunwa. Shatu, tashi ki ɗauko mayafinki na tafiya."

Ku da kuka san ni, kun san ban iya ba da haƙuri ba. Kakanku ya rasu ban taɓa durƙusa masa a gaban mutane ba. Ranar na sauka daga kujerata na sa gwiwa a ƙasa a gaban mutumin da na girma, a gaban 'yata da ɗana da surukata. Na ce masa girman kai ne ya sa na hana nonon, ina ganin kamar ana ce mana matsiyata. Na ce ban da abin da zan kare kaina da shi. Na ce idan ya tafi da ita bai zalunce mu ba, amma ina roƙon shekara guda, kuma duk wata ya turo wanda ya yarda da shi ya dubi idonta, ranar da aka ga ta koma baya a tafi da ita ba sai an yi mini sallama ba. Sai ya yi wa Shatu magana da Fulatanci, gajeriya. Ta amsa masa da kalma biyu ko uku, kanta a sunkuye. Ban ji abin da suka ce ba, har yau kuma ban tambaya ba. Ya mayar da sandarsa kan cinya.

"Shekara guda," in ji shi. "Nonon kuma zai dawo."

A nan ne babanku ya buɗe baki karo na farko, ya ce ranar kasuwa mai zuwa zai je asibitin. Baffa ya kaɗe rigarsa ya fita ko addu'ar tashi bai yi ba.

Abin bai zo mini a sauƙaƙe ba, kada ku ɗauka daga nan sai daɗi. Baffa ya yi shekara biyu bai taka sashena ba, ko a salla sai dai ya aiko da gaisuwa. Larai ta yi fushi ta ce ita da ta haifi huɗu ban taɓa dafa mata ƙwai ba, kuma ba ta yi ƙarya ba. Matan bakin ruwa suka sa mini suna kukun amarya, in na wuce sai wata ta ɗaga murya ta ce, "Inna, yau mi aka dafa wa gimbiya?" Zabina da nake tara ƙwansu in kai kasuwa, na daina kaiwa. Bayan ɗakina inda nake shanya koma na kafe zogale da gwanda. Babanku aka ba shi nasa maganin na wata ƙaramar cuta da bai san yana ɗauke da ita ba, ya yi ta fama da barin taba, ya bari ya koma, ya bari ya koma, kafin Allah ya raba shi da ita. Wata huɗu aka yi kafin in ga jini ya dawo leɓen Shatu, wata shida kafin al'adarta ta daidaita. Shekarar da na roƙa ta cika ba ciki. Malam Buba ya zo da kansa, ya dubi 'yarsa tana daka tana waƙa, kumatu sun fito, ya sha furarsa ya tafi bai ta da maganar ba. Sai da aka ƙara wata bakwai sannan Allah ya kawo babbarku. Ba na cewa wake da zogale ne suka haife ku. Na san matan da suka ci mai kyau duk rayuwarsu ba su samu ba, kuma ba laifinsu ba ne. Abin da nake cewa, ku mata idan an kai ku wani gida, ku buɗe baki ku faɗi abin da cikinku ba ya karɓa. Ku maza kuma ku san abin da matanku suka ci, ba abin da aka zuba musu ba.

Amma duk wannan daga baya ne. A ranar taron ban san ko ɗaya daga ciki zai faru ba, abin da na sani kawai na yi alkawari a gaban mutane.

Washegari da na idar da sallar asuba na shiga ɗakina na sauko da wata tukunya daga cikin jerena, sabuwa, tun ta aurena, ba a taɓa ɗora ta a wuta ba. Na haɗa murhu da duwatsu uku a can gefen rijiya, inda hayaƙin banda ba ya kaiwa. Na dafa wake har ya yi laushi, na zuba zogalen da na roƙo a maƙwabta, da albasa da ƙuli, na dafa ƙwan zabi biyu. Shatu ta fito da tsintsiya ta gan ni a tsugune ina fifita wuta, ta rugo za ta karɓa.

Na ce, "Ajiye tsintsiyar. Wanke hannunki."

Na shimfiɗa tabarma a nan tsakar gida na ajiye kwanon, na ce yau ba ɗaki, a nan za ta ci. Ta zauna, ta dubi kwanon, ta dube ni, hannunta ya ƙi tashi daga cinyarta. Na ɓare mata ƙwan da kaina na tura gabanta. Ko motsi. Na ga idan na biye mata rana za ta take mu a haka. Sai na jawo kujerata na juya ta, na zauna na fuskanci katanga, na ba ta baya, na ɗauko tiren shinkafa ina tsinta.

An daɗe ba abin da nake ji sai kukan zabi da injin wani jirgi can a kan ruwa. Can sai na ji cokali ya taɓa kwano. Ya sake taɓawa. Na ci gaba da tsintar shinkafata, na tsince ta tas na sake farowa daga farko, ban juyo ba sai da na ji tana kankare gindin kwanon.

"Inna," ta ce, a hankali. "Akwai saura?"

Na tashi na ɗauko tukunyar gaba ɗaya.